Yadda ake neman lambar mota ta musamman a Texas: ta tsohon soja, ta mai muƙami da ta jakadan girmamawa

Wanda ya zauna a Houston ko San Antonio ko Killeen ya saba ganin motoci masu ɗauke da haruffan DV, alamar tsohon soja mai naƙasa, a lambarsu, ko masu hoton wata zuciya mai launin shunayya da kan George Washington a tsakiyarta, wato lambar yabon Purple Heart. Waɗannan ba lambobin ado ba ne irin waɗanda kowa ke saya da kuɗinsa. Doka ce ta keɓe su ga wasu mutane, kuma daga cikinsu akwai masu sauke wa mai mota kuɗin rajista na shekara. 'Yan'uwanmu daga Najeriya da Nijar da Gana da suka shiga sojan Amurka suka fito suna da haƙƙi a kansu kamar kowa, sai dai da yawa suna ta biyan kuɗin da aka riga aka yafe musu, don babu wanda ya zaunar da su ya nuna musu hanya. Na daɗe ina taya mutanenmu cike waɗannan takardu. Abin da za ka riƙe tun daga farko shi ne, ma'aikaciyar da ke bayan kanta ba ta da ikon yarda da labarinka komai gaskiyarsa. Abin da ke rubuce a takarda kaɗai take bi.

Kowace jiha a Amurka da dokarta. Bayanin nan na Texas ne. Wanda ke Maryland ko Georgia zai ga tsarin ya yi kama, amma fom da kuɗi daban ne.

Abubuwan da za ka tanada

- Takardar sallama daga soja, DD-214, doguwar, wadda aka rubuta Member-4 a ƙasanta. Wanda ya yi aiki a rundunar National Guard, wato dakarun ko-ta-kwana na jiha, tasa ita ce NGB-22.
- Takardar umarnin da aka ba ka lambar yabo da ita, ko satifiket ɗinta, in kana da su.
- Wasiƙar ma'aikatar tsofaffin sojoji, VA, mai nuna kason naƙasarka, in lambar DV kake nema.
- Lasisin tuƙi ko katin shaida mai hoto.
- Takardar mallakar mota ko rasit ɗin rajistarta. In motar ta haya ce ta dogon zango, kwafin yarjejeniyar.
- Katin inshora mai aiki.
- Fom ɗin da ya dace, daga shafin hukumar motoci ta jiha, TxDMV. Kyauta ne.
- Kuɗi a hannu ko cek. Ana karɓar kati, amma akan ɗora 'yan kuɗi a kai.
- Na ranar ɗaura lamba: sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, man fesawa na kwance tsatsa, reza, tsumma, da alƙalamin maka baƙi wanda ba ya gogewa.

1. Ka fara sanin wace lamba ce taka

Lambobin soja a Texas suna da yawa ƙwarai, amma ta fuskar aljihu gida uku ne.

Gida na farko, na manyan lambobin yabo: Medal of Honor, Distinguished Service Cross, Navy Cross, Air Force Cross, Silver Star, Bronze Star, Distinguished Flying Cross, Legion of Merit da makamantansu. Mai ɗaya daga cikin waɗannan ba ya biyan kuɗin rajista a kan mota guda. Fom ɗin da aka fi amfani da shi a nan VTR-421 ne.

Gida na biyu, na dala 3: wanda aka ji wa rauni a fagen daga aka ba shi Purple Heart, da wanda ya taɓa zama fursunan yaƙi, fom ɗinsu VTR-422, sai tsohon soja mai naƙasa, wato DV, fom ɗinsa VTR-615. Dala 3 a shekara ita ce ta maye gurbin kuɗin rajista, shi ma a kan mota guda.

Gida na uku, lambar da ke nuna rundunar da ka yi wa aiki ko yaƙin da ka je kawai, kamar Iraƙi ko Afganistan. Wannan ta alfahari ce. Za ka biya rajistarka cif kamar maƙwabcinka.

Don ka gane abin da ake magana a kai: tushen kuɗin rajistar ƙaramar mota a Texas dala 50.75 ne, kuma kafin gunduma ta ɗora nata, a haɗa da sauran ƙananan caji, a manyan birane sai ka ga ta haura dala 70 duk shekara. Ba dukiya ba ce, amma haƙƙinka ne, kuma akwai wasu sauƙaƙe da ke biyo bayan lambar waɗanda suka fi wannan tsoka.

Sharaɗin DV shi ne VA ta tabbatar naƙasarka ta dalilin aiki ta kai kashi 50 cikin ɗari, ko kashi 40 in an yanke ƙafa ne, kuma kana karɓar diyya a kanta. Mai kashi 30 ya haƙura da DV, ya duba ko yana da lambar yabon da za ta shigar da shi gida na farko. Wanda kuma ya haɗa biyun, wato yana da naƙasa yana da lambar yabo, ana iya buga masa DV da tambarin lambar yabonsa a gefe.

2. Karanta DD-214 ɗinka da idon ma'aikaciya

A nan yawancin mutane ke tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe.

Shimfiɗa takardar a kan tebur ka nemi akwati na 13. A nan ake jera lambobin yabo, ɗaya bayan ɗaya, an raba su da layuka biyu a karkace. Bi su da yatsa har ka ga sunan wadda kake nema. Sau da yawa akwatin ba ya isa, sai a ƙarasa jerin a akwati na 18, wajen ƙarin bayani. Mutum sai ya duba na 13 bai ga Bronze Star ɗinsa ba, hankalinsa ya tashi, alhali tana can ƙasa cikin ƙananan rubutu. In ka same ta, yi kwafin takardar, ka ja layi a ƙarƙashin sunan a jikin kwafin. Kada ka taɓa ta asalin da alƙalami.

Sai akwati na 24, inda aka faɗi irin sallamar da aka yi maka. Wannan akwati babu shi a gajeren kwafi, mai Member-1, shi ya sa na ce doguwar za ka ɗauko. Wanda ya je da gajeren, gida zai dawo.

Na uku, kuma wannan ciwon namu ne: suna. Ka jera DD-214 da lasisin tuƙi da takardar mota ka kwatanta harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, Muhammadu a fasfo. Abdullahi ya rasa L ɗaya a wata takarda. Wani kuma ya sauya tsarin sunansa ranar da ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, bayan ya riga ya shiga soja da tsohon. Mu mun san mutum ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba. In akwai bambanci, haɗa da takardar kotu ta sauya suna, ko ta aure ga 'yar'uwar da ta ɗauki sunan mijinta.

Gargaɗi: wannan takarda tana ɗauke da bayanan da ɓarawon suna ke nema. Kada ka ɗauki hotonta ka tura a zauren WhatsApp kana tambayar ko ita ce. Abin da ya fi, kai ta ofishin magatakardan gundumarku a yi mata rajista. A Texas kyauta ake yi, ana ɓoye ta daga idon jama'a shekara 75, kuma duk ranar da taka ta ɓace za su ba ka kwafi mai hatimi.

3. In takardar ta ɓace, ko ba a rubuta lambar yabon ba

In ɓacewa ta yi, wanda bai daɗe da fita ba ya fara duba milConnect, shafin bayanan sojoji na ma'aikatar tsaro, galibi tana nan. In babu, a nema daga cibiyar adana bayanan sojoji ta ƙasa da ke St. Louis, ta intanet ko da fom SF-180. Ba a biyan ko sisi. Akwai kamfanoni a intanet da za su ce ka ba su kuɗi su nemo maka; abin da za su yi shi ne su cike wannan fom ɗin dai da za ka iya cikewa da kanka. Gobarar da ta cinye miliyoyin fayiloli a cibiyar a 1973 tsofaffin takardu ta shafa, na waɗanda suka bar aiki kafin tsakiyar shekarun 1960, ba na zamaninmu ba.

In kuwa takardar tana nan amma lambar yabon ba ta ciki, wannan yakan faru idan an amince da ita bayan mutum ya riga ya tuɓe kaki. An fi ganin haka da Purple Heart ta waɗanda bam ya girgiza wa ƙwaƙwalwa, don irin wannan rauni ba a cika tabbatar da shi nan take ba. Hanya biyu ce. Mai sauri: ka haɗa takardar umarnin bayar da lambar da DD-214 ka kai tare. Mai ɗorewa: ka nemi rundunarka ta gyara takardar, su ba ka gyaran da aka fi sani da DD-215, in abin ya ƙi, sai fom DD-149 zuwa kwamitin gyaran bayanai. Wannan yana cin watanni. Shawarata ka bi ta farko don lambar mota, ka kuma tayar da ta biyu a lokaci guda, saboda iyalinka za su buƙaci takarda mai tsabta wata rana.

Ita kanta lambar yabon ta ƙarfe da ke cikin akwatinta ba hujja ba ce, don ana sayar da irinta a kasuwa. Hoton ranar da kwamanda ya maƙala maka ita ma haka.

Wanda duk wannan ya rikita shi ya nemi jami'in kula da tsofaffin sojoji na gundumarsa, ko hukumar Texas Veterans Commission. Aikinsu ke nan, kuma ba sa karɓar kuɗi.

4. Wasiƙar VA da maganar wurin ajiye mota

Mai neman DV ya shiga asusunsa a shafin VA ya sauke wasiƙar taƙaitaccen bayanin haƙƙoƙi. Kafin ka sauke, akwai 'yan akwatuna da ake zaɓa. Tabbatar ka zaɓi wanda ke nuna jimillar kason naƙasa. Mutane kan sauke wasiƙa mai nuna kuɗin wata kawai, babu kaso, ita kuwa ma'aikaciya kason take nema. Ka ciro sabuwa, kada ka je da ta shekara uku da suka wuce.

Sai abin da ya jefa mutane da yawa cikin tara. A da, lambar DV kaɗai ta isa mutum ya ajiye mota a gurbin masu naƙasa. Daga 1 ga Janairun 2022 an daina. Yanzu sai lambar tana ɗauke da alamar keken guragu, ko kuma kana da katin da ake ratayawa a madubin gaba. Tarar ajiye mota a gurbin ba da izini ba daga dala 500 take farawa. Har yau za ka ji wani tsohon soja a masallaci yana rantsuwa cewa DV ta wadatar. Da gaskiyarsa a da, dokar ce ta sauya a bayansa.

Samun alamar ba ya bin kason VA. Mutum zai iya zama mai kashi 100 bai cancanta ba, idan naƙasarsa ba ta hana shi tafiya. Abin da ake dubawa: ba ka iya tafiyar ƙafa 200, kusan mita 60, ba ka tsaya ka huta ba, ko sai da sanda ko keke, ko kana yawo da tukunyar iskar numfashi, ko ciwon zuciya ko na huhu mai tsanani, ko raunin gani sosai. Likita ne zai cike sashensa a fom. Sa hannunsa kuma sai an buga masa hatimin notari, wato jami'in da ke shaida sa hannu, in ba haka ba ya rubuta maka bayanin a takardar rubuta magani ta asali ka haɗa. Ka faɗa wa likitan wannan tun kana gabansa, kada sai ka kai kanta a dawo da kai. Katin ratayawa shuɗi na dindindin ne, ana sabunta shi bayan shekara huɗu. Ja na wucin gadi ne, wata shida.

5. Zaɓi motar, ka daidaita takardunta

Tunda mota guda ce ake yafe wa, sai a yi lissafi. Sauran motocinka ma za su iya ɗaukar lambar, amma da cikakken kuɗi. Ni dai ina cewa a sa ta a motar da mai haƙƙin ke tuƙawa kullum, don sauƙin mitar ajiye mota da na hanyoyin da ake biyan kuɗi kafin a bi, motar suke bi.

Dole motar ta kasance da sunanka, kai kaɗai ko kai da matarka, ta amfanin kanka ce, kuma nauyinta bai wuce fam 18,000 ba, wato kilo dubu takwas da 'yan kai. Motar da ke da sunan kamfaninka ba ta shiga. Motar da ka saya wa ƙaninka da ya zo karatu, aka rubuta sunansa, ita ma haka. Kuma kada zumunci ya sa ka rubuta motar wani da sunanka don ya ci arzikin lambarka. Ranar da ya yi haɗari, ƙofarka za a ƙwanƙwasa.

Inshora ta kai mafi ƙarancin da jiha ta gindaya: dala 30,000 kan mutum ɗaya, 60,000 kan haɗari ɗaya, 25,000 kan dukiya. Daga Janairun 2025 an soke duba lafiyar motocin gida, aka mayar da shi cajin dala 7.50 da ake karɓa wajen rajista, don haka kada ka yi musu in an ce kuɗinka ya ɗara dala 3. Gwajin hayaƙi kuwa yana nan a gundumomin manyan birane, irin su Harris da Fort Bend da Dallas da Tarrant da Travis da El Paso. In kana cikinsu, yi gwajin kafin ka je.

Wanda ya ƙauro daga wata jiha yana da kwana 30 ya yi wa motarsa rajistar Texas. Ya haɗa aikin biyu a tafiya ɗaya. Wanda kuma rajistarsa ta kusa ƙarewa, lokacin ya fi dacewa, don kada ka sa rai za a mayar maka da kuɗin da ka riga ka biya na bana.

6. Cike fom

Shafi ɗaya ne ko biyu. Suna kamar yadda yake a lasisi, adireshi, lambar motar yanzu, shekarar ƙira, da lambar jikin mota mai harafi 17. Wannan ta ƙarshen ka kwafo ta daga ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ko daga jikin ƙofa, ka kwatanta da ta katin inshora. Babu harafin O ko I ko Q a cikinta. Abin da ka gani kamar O sifiri ne.

In kana so a buga maka wasu haruffa na son ranka, ana yi, da ƙarin dala 40 a shekara. A ganina wanda ya zo neman sauƙi bai kamata ya koma da sabon bashi ba, amma kowa da ra'ayinsa.

Karanta 'yan layukan da ke saman wurin sa hannu. Ƙarya a wannan fom babban laifi ne mai daraja ta uku a dokar Texas, wanda hukuncinsa ke kamawa daga shekara 2 zuwa 10 a kurkuku. Ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba tukuna, katin zama kawai yake riƙe da shi, abin ya wuce kurkuku, ya taɓa zamansa a ƙasar.

7. Ofishin harajin gunduma

Ba ofishin lasisin tuƙi za ka je ba. Sababbin zuwa suna yawan haɗa su. Lasisi na hukumar tsaron jama'a ta jiha ne, wato DPS. Lamba da rajista na ofishin harajin gunduma ne, kuma kowace daga gundumomi 254 na Texas tana da nata. A manyan birane duba shafinsu ko ana kama layi ta intanet. Ka guji ranar Litinin da ƙarshen wata da farkonsa, lokacin da duk wanda sitikar rajistarsa ta ƙare yake tunawa.

Jera takardun haka: fom a sama, kwafin DD-214 mai layin da ka ja, wasiƙar VA, inshora, lasisi. Ta asalin tana hannunka cikin jaka, ka nuna in an tambaya, ka karɓi abarka. In ma'aikaciyar ta ce ba ta san lambar da kake nufi ba, ba mugunta ba ce, wasu lambobin sai a yi wata ba a nemi irinsu ba. Cikin ladabi ka roƙi a kira wanda ke kula da lambobi na musamman. Wanda ba zai iya zuwa ba yana iya aikawa ta gidan waya, da kwafi kawai da cek.

Ba lallai ka fito da lambar a ranar ba. Lambobin Texas a gidan yarin Wynne da ke Huntsville ake buga su, irin waɗannan kuma sai an yi oda, a jira 'yan makonni. Tambayi ko gida za a aiko ko kai za ka dawo ɗauka, ka kuma adana rasit a cikin mota.

8. Ɗaura lamba

Texas lamba biyu take so, gaba da baya. Rashin ta gaba tara ce da ke iya kaiwa dala 200. Motar da aka sayo daga jihar da ba a sa ta gaba takan zo babu mazaunin lamba a bamba, sai ka sayi mazaunin a shagon kayan mota. Ajiye ta a kan dashbod ba ya cikin lissafi.

Fesa wa kusoshin mai ka ba su minti biyar. Danna sukundireba da ƙarfi kafin ka murɗa, don in kan kusa ya cinye ka shiga aikin da ba ka shirya ba. Wajen ɗaurawa kada ka matse har roba ta fashe. Cire firam ɗin tallan dila in yana rufe sunan jiha, kuma kada ka sa murfi mai duhu. Dalili ne na tsayar da kai.

Sabuwar lamba da sabuwar sitika take zuwa, don lambar jikin sitika dole ta dace da ta ƙarfe. Kankare tsohuwar da reza, goge gilashin, manna sabuwar daga ciki a kusurwar ƙasa ta ɓangaren direba. Tsofaffin lambobin ka shafe fuskarsu da alƙalamin maka, ka lanƙwasa, kafin ka zubar.

A ranar ka sanar da kamfanin inshora, da ofishin gidan da kake haya in suna rajistar motoci, da asusun hanyoyin kuɗi. In ka manta na gidan haya, kana iya wayar gari motar jan motoci ta yi gaba da taka.

9. Abin da lambar ke saya maka a titi

Mitar ajiye mota ta gwamnatin birni ko jiha: masu DV da Purple Heart da manyan lambobin yabo ba sa biya. Wannan bai haɗa da filin ajiye mota na 'yan kasuwa ba, bai haɗa da na gwamnatin tarayya ba, bai kuma halatta maka tsayawa inda aka hana kowa ba.

Hanyoyin kuɗi sun fi rikitarwa, saboda dokar jiha dama ta ba hukumomin hanya su yafe, ba ta tilasta musu ba. Hanyoyin gundumar Harris da na ma'aikatar sufuri ta jiha suna da shirin yafewa ga DV da Purple Heart da manyan lambobin jarumta. Hukumar yankin Austin tana so ka yi rajistar lambar da ita, kana kuma da sitikar biya. A yankin Dallas, hanyoyin hukumar hanyoyin kuɗi ta NTTA ba sa yafe wa mai DV. Saboda haka kafin ka hau hanyar da ba ka saba ba, duba ta wace hukuma ce, kada takardar bashi ta iske ka bayan wata guda.

Harajin sayen mota, kashi 6.25, lambar ba ta taɓa shi. Ɗan sanda kuma zai rubuta maka tarar gudu kamar kowa, ko da ya gode maka da hidimar ƙasa yana miƙo takardar.

Masu riƙe da muƙami

A Najeriya an saba lamba mai koren rubutu tana nufin motar gwamnati ce. A Texas abin kashi biyu ne. Motar da gwamnati ta mallaka tana ɗaukar lambar da aka rubuta Exempt, sunan hukumar kuma a jikin ƙofa, kuma hukumar ce ke nema. Lambar mai muƙami kuwa a motarsa ta kansa ake sa ta.

Waɗanda doka ta lissafa: gwamna da mataimakinsa, 'yan majalisar jiha, antoni janar, kwanturola, sakataren jiha, kwamishinonin filaye da na noma, mambobin hukumar Railroad Commission, mai kula da harkar mai da gas, da na hukumar ilimi ta jiha, alƙalan manyan kotunan jiha biyu. Sai 'yan majalisar tarayya, alƙalan jiha da na tarayya, da shugaban gunduma wanda ake kira County Judge ko da yake yawancin aikinsa na mulki ne. Kansila da magajin gari da mai ba gwamna shawara ba sa ciki, balle shugaban ƙungiyar 'yan ƙasa mazauna waje.

Matakan gajeru ne: shaidar kama aiki, takardun mota da sunan mai muƙamin, a nema ta sashen lambobi na musamman na TxDMV. Ana ba da har saiti uku ba kuɗin lamba, amma rajista ana biya. Muƙami ya ƙare, lamba ta sauka. In kai ne ma'aikacin da aka ɗora wa wannan aiki a ofishin wani zaɓaɓɓe, ka tambaye shi ko yana son ta ma tukuna. A Nuwamban 2015 an harbi Alƙaliya Julie Kocurek a ƙofar gidanta a Austin, Allah ya yi da sauran kwananta, kuma a 2017 aka yi dokar tsaron alƙalai da sunanta. Lambar da ke shelar ko kai wane ne a kowace danja, motar da matarka ke kai yara makaranta da ita, abin a yi tunani ne.

Jakadun girmamawa

Ƙaramin jakada na girmamawa ɗan ƙasa ne ko mazauni, galibi ɗan kasuwa ko lauya, da wata ƙasa ta naɗa ya wakilce ta a birnin da ba ta da ofishi. Yarjejeniyar Vienna ta 1963 ce ta tsara matsayinsa, kuma kariyarsa ta tsaya ga ayyukan ofis kaɗai. Takardar naɗi daga ƙasar da ta turo shi ba ta isa ba sai ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta amince da shi ta ba shi katin shaida. Lambobin diflomasiyya da ma'aikatar ke bayarwa na cikakkun jakadu ne da ma'aikatansu. Shi ba ya samu. Jihohi ne suka riƙa buga masa tasu, Texas ma ta daɗe tana yi a kan dala 40 ban da rajista.

A Nuwamban 2022 ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta ICIJ da ProPublica suka fitar da rahoton da ya gano aƙalla irin waɗannan jakadu 500, na da da na yanzu, a faɗin duniya, da aka zarga da laifi ko suka shiga abin kunya. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta nemi jihohi su daina ba su lamba ta daban, don tana sa 'yan sanda su zaci mutum yana da kariyar da ba shi da ita. Saboda haka wanda aka naɗa yau ya buɗe jerin lambobin da ke shafin hukumar motocin jiharsa; abin da babu a jerin, babu shi, ya yi rajista irin ta kowa ya riƙe katinsa a aljihu. Lambobin CC, masu nuna mutum ƙaramin jakada ne, da ake sayarwa a intanet a maƙala a bamba, sayen rigima ne da kuɗinka.

Ranar rabuwa da motar

Lambar taka ce, ba ta motar ba. In za ka sayar, kwance ta kafin mai saye ya tayar da inji, ka kankare sitika, ka shigar da sanarwar sayarwa a shafin TxDMV cikin kwana 30. In musanya za ka yi a wurin dila, faɗa musu tun kafin a fara rubutu cewa kana da lambar soja da za a mayar kan sabuwar. Masu tura motoci gida ta Kwatano ko Legas su kula sosai: a cire lambar kafin mota ta tafi tashar jirgin ruwa, kada wani ya riƙa yawo da Purple Heart ɗinka a Kano ko Maraɗi. In ta ɓace ko an sace, fom VTR-60 ne a ofishin haraji, da 'yan daloli, sata kuma a fara kai rahoto ga 'yan sanda.

In mai lambar ya rasu, matarsa ko mijinta na iya ci gaba da riƙe lambar soja muddin ba a sake aure ba. Za a je da takardar shaidar rasuwa, da ta aure, da DD-214 ɗin mamacin, a kuma mayar da motar sunan mai neman. Auren da aka ɗaura a gida, wanda shaidarsa takardar masallaci ce ko ta kotun shari'a da Hausa ko Larabci ko Faransanci, a sa a fassara ta da Turanci, mai fassarar ya sa hannu, a ajiye tare da DD-214 a jaka ɗaya tun ana tare.